James Starley: Ɗan Manomin Da Ya Zama Uban Sana'ar Keke

Ya kai ɗalibi, tun da ka fara koyon Hausa, wataƙila ka lura cewa kalmar keke tana da ma'ana fiye da ɗaya. Akwai keken hawa, wanda wasu suke kira basukur, akwai kuma keken ɗinki na tela. Bahaushe ya dubi abubuwan nan biyu, ya ga kowannensu yana da gargare mai juyawa, kuma da ƙafa ake taka shi, sai ya ba su suna ɗaya. Abin mamaki shi ne, a tarihi ma dangantakarsu ta kai haka. A ƙasar Ingila, masana'antar da ta fara ƙera kekunan hawa da yawa masana'antar keken ɗinki ce, kuma mutumin da ya shugabanci aikin makanikin keken ɗinki ne. Sunansa James Starley. Turawan Ingila suna kiransa uban sana'ar keke, kuma tarihinsa da na zuriyarsa za ka karanta a wannan darasi.

An haifi James Starley wajen shekarar 1830 a wani ƙauye mai suna Albourne, a lardin Sussex da ke kudancin Ingila, ba nisa da garin Brighton na bakin teku. Sunan mahaifinsa Daniel Starley, manomi ne. Gidansu ba gidan sarauta ba ne, ba kuma gidan attajirai ko na malamai ba. A wancan zamani gwamnatin Ingila ba ta tilasta wa iyaye su sa 'ya'yansu a makaranta ba, saboda haka ɗan manomi da zarar ya yi ƙwari sai gona. James ya fara aiki a gonar mahaifinsa yana da shekara 9. Karatun da ya samu kaɗan ne ƙwarai. Ka riƙe wannan a zuciyarka, domin duk abin da za ka ji ya ƙirƙira daga baya, da ido da hannu ya koye shi.

Noma bai kwanta masa a rai ba. Abin da yake so shi ne ya kwance abu, ya ga yadda cikinsa yake, ya mayar da shi, in da hali ya fi yadda ya same shi. Ana ba da labarin cewa tun yana yaro ya haɗa tarkon ɓera da ƙarfen tsohuwar laima da reshen itace mai lanƙwasuwa, tarkon kuwa ya yi aiki. A gidan manomi, inda kowane hannu yake da amfani a gona, irin wannan yaro ba lallai ne a yaba masa ba. Yana da shekara goma sha wani abu ya bar gida, ya kama hanyar Landan a ƙafa. Bai tafi da jari ba, bai kuma tafi da wata sana'a da ya ƙware a kanta ba, in ban da aikin ƙasa da ya gudo ya bari.

Aikin ƙasar nan kuwa shi ya fara ciyar da shi. A unguwar Lewisham, kudu da birnin Landan, ya sami aikin lambu a gidan wani attajiri mai suna John Penn. A nan sa'arsa ta fara, domin John Penn ba attajirin banza ba ne. Shi ne mai babbar masana'antar da ke Greenwich, inda ake ƙera injinan jiragen ruwa, har da na jiragen yaƙin Ingila. Wato mai lambun ya faɗa gidan mutumin da ya san darajar ƙarfe da darajar mai iya sarrafa shi.

Da rana James yana kula da furanni da itatuwa, da dare kuma yana gyaran agogon mutane, ana biyansa ɗan abin da ya samu. Babu wanda ya koya masa gyaran agogo. A wannan lokaci ya ƙirƙiri wasu ƙananan kayan gida: mazaunin kyandir da ake iya ɗagawa ko saukewa, labulen taga da ake ja da igiya ɗaya, da gadon jariri mai girgiza kansa. A shekarar 1853 ya auri wata mace mai suna Jane Todd. Allah ya ba su 'ya'ya, cikinsu har da maza uku, James da John Marshall da William, waɗanda za ka sake jin sunansu a gaba.

Wata rana John Penn ya saya wa matarsa keken ɗinki. A shekarun 1850 keken ɗinki sabon abu ne, mai tsada, kuma masu iya gyara shi ba su da yawa. Keken ya lalace. Aka ba mai lambu ya gwada sa'arsa. James ya kwance shi, ya gano inda matsalar take, ya gyara, sa'an nan ya nuna hanyoyin da za a bi a inganta shi. Maigidan ya ga cewa barin wannan mutum a lambu asara ce. Ya san wani mai suna Josiah Turner, wanda yake da hannu a kamfanin Newton, Wilson da ya ƙera keken, sai ya haɗa su. Ta haka James ya ajiye kayan lambu, ya koma aiki a masana'antar keken ɗinki a unguwar Holborn, cikin birnin Landan. Ya kamata a yaba wa John Penn a nan. Wani maigidan da ya ga yaronsa ya iya gyara kome a gida, sai ya riƙe shi ƙam, ya ci gaba da more shi a kan albashin mai lambu.

Bayan 'yan shekaru, James da Josiah Turner suka yanke shawarar kafa nasu kamfanin. Garin da suka zaɓa shi ne Coventry, a tsakiyar Ingila, kuma zaɓin yana da dalili. Tun da daɗewa mutanen Coventry sun shahara da sana'a biyu: saƙar ƙyallayen siliki na ado, da ƙera agogo. A shekarar 1860 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar ciniki wadda ta cire harajin da ake ɗora wa kayan siliki na Faransa. Nan da nan kayan Faransa suka cika kasuwa, masaƙan Coventry suka rasa masu saye. Dubban mutane suka rasa abin yi, wasu suka bar garin, wasu ma suka bar ƙasar gaba ɗaya. Sana'ar agogo ita ma tana fama da gasar agogon Suwizalan da na Amurka. Saboda haka garin yana cike da ma'aikata masu laushin hannu, waɗanda suka saba da ƙananan ƙarafa da aikin da ke buƙatar natsuwa, kuma suna neman aiki ido rufe. Wajen shekarar 1861 aka kafa kamfanin Coventry Sewing Machine Company, James yana shugabancin ma'aikata, ana ƙera kekunan ɗinki bisa fasalin da ya tsara.

Da al'amura sun tsaya a nan, da ba ka ji sunansa ba. Amma a ƙarshen shekarar 1868 wani saurayi mai suna Rowley Turner, ɗan ɗan'uwan Josiah, wanda yake wakiltar kamfanin a birnin Faris, ya dawo gida da wani abin hawa da ake yayi a Faransa. Ƙafafunsa biyu ne, na katako, an naɗe su da ƙarfe kamar na amalanke. Feda tana manne da ƙafar gaba. Yana da nauyi, kuma idan aka hau shi a kan titin duwatsu sai duk gaɓoɓin jiki su ɗauki rawa, har Turawan Ingila suka yi masa laƙabi da mai girgiza ƙashi. Rowley ya shawo kan kamfanin ya ƙera ɗaruruwan irinsa domin a sayar a Faransa. Aka sake wa kamfanin suna, ya koma Coventry Machinists Company, domin yanzu ba ɗinki kaɗai ne aikinsa ba. Sai ga shi a shekarar 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, kasuwar Faris ta rufe. Dole kamfanin ya nemi masu saye a gida. Daga wannan tilas ne sana'ar keke ta kafu a Ingila.

Ka lura, James Starley ba shi ne ya ƙirƙiri keke ba. Wani Bajamushe mai suna Karl von Drais ya riga ya ƙera abin hawa mai ƙafa biyu tun 1817, wanda ake turawa da ƙafa a ƙasa, Faransawa kuma suka sa masa feda. Abin da James ya yi shi ne ya ɗauki wannan abu mai nauyi da wahalar hawa, ya yi ta rage masa aibi ɗaya bayan ɗaya. An ce ranar da ya fara ganinsa, abin da ya fara yi shi ne ya ɗaga shi sama, ya ji nauyinsa, bai kuwa ji daɗin abin da ya ji ba.

A shekarar 1870 ya bar kamfanin tare da wani abokin aikinsa, William Hillman, wanda shi ma ya koyi aikin ƙarfe a masana'antar John Penn. Su biyun suka yi rajistar wani sabon keke da suka sa wa suna Ariel, aka fara sayar da shi a shekarar 1871. Jikinsa duk ƙarfe ne, ƙafar gaba babba ce, ta baya ƙarama. Kuɗinsa fam 8, a lokacin da leburan gona ba ya samun fam ɗaya a mako. Ana ba da labarin cewa domin su tallata shi, James da Hillman sun hau shi daga Landan zuwa Coventry, tafiyar kusan mil 100, cikin yini ɗaya. James a lokacin ya kai shekara 40, kuma mutum ne mai jiki.

Wataƙila ka taɓa ganin hoton irin wannan keke a littafi, ka yi dariya, ka ce me ya sa aka yi ƙafar gaba ƙatuwa haka. Dalilin lissafi ne. Tun da feda tana manne da ƙafar, idan ka taka ta zagaye sau ɗaya, ƙafar ma sau ɗaya za ta zagaya. Ƙaramar ƙafa za ta kai ka ɗan gajeren wuri, babba kuma za ta kai ka nesa. Ƙafar da faɗinta ya kai inci 50 tana cin kusan mita 4 a kowane zagaye. Saboda haka duk mai son gudu sai ya nemi ƙafa mafi girma da tsawon ƙafafunsa zai iya kaiwa. Dogon mutum ya fi gajere gudu, ko da gajeren ya fi shi ƙarfi. Daga baya Turawa suka riƙa kwatanta ƙafafun nan biyu da kuɗinsu na ƙarfe, wato babban kwabo da ɗan ƙaramin tsabar da yake kashi ɗaya cikin huɗu na kwabo, suka mai da sunayen kuɗin nan biyu laƙabin keken.

Amma babbar ƙafa ta katako za ta yi nauyin da ba mai iya juya ta. A nan ne aikin James ya fi muhimmanci, kuma ya dace mu ɗan dakata a kansa. A ƙafar amalanke, sandunan katako ne suke tokare tsakanin cibiyar ƙafa da da'irarta. Nauyin kaya yana danne sandar da take ƙasa, don haka dole ta zama mai kauri. A ƙafar keke kuwa, siraran wayoyi ne aka ja aka ɗaure tam, kowace tana jan da'irar zuwa cibiya. Waya ba ta iya tokare kome, in ka danna ta sai ta lanƙwashe. Amma in ja za ka yi, siririyar waya tana iya ɗaukar nauyin ƙaton mutum. Wani maƙeri a Faris mai suna Eugène Meyer ya riga ya yi ƙafa mai wayoyi a 1869. James da Hillman suka fito da tasu dabarar ta ɗaure wayoyin duka a lokaci ɗaya.

Sauran matsala ɗaya. Idan wayoyin sun miƙe sak daga cibiya zuwa da'ira, kamar hasken rana a zanen yara, to lokacin da ka taka feda da ƙarfi cibiyar za ta fara murɗawa kafin da'irar ta biyo ta. Wayoyin suna wahala, suna saki, suna tsinkewa. A shekarar 1874 James ya yi rajistar maganin wannan. Ya sa kowace waya ta fita daga gefen cibiya a karkace, tana giciye 'yan'uwanta, wasu sun karkata gaba, wasu baya. Ta haka da zarar cibiya ta motsa, sai wayoyin su ja da'irar kai tsaye. Idan ka fita daga aji yau, ka tsaya wurin mai gyaran keke ko mai babur, ka duƙa ka dubi ƙafar baya da kyau. Za ka ga wayoyin sun giciye juna kusa da cibiya. Wannan saƙa ita ce ta James Starley, kuma shekara 150 ke nan ba a sami wadda ta kore ta daga kasuwa ba.

Dogon keke yana da gudu, amma yana da haɗari. Mahayin yana zaune can sama, kusan a kan cibiyar babbar ƙafa. Ɗan ƙaramin dutse ko rami ya isa ya jefa shi ta kan hannun keken, ya faɗo da ka. Samari masu ƙarfi da ƙarfin hali ne kawai suke hawansa. Dattawa ba sa iyawa, mata kuma dogayen tufafinsu na wancan zamani sun hana su. James ya gwada yin wani dogon keke na mata, wanda ake zama a gefe ɗaya, amma bai karɓu ba, kuma duk wanda ya ga hotonsa zai gane dalili. Sai ya juya ga keke mai ƙafa uku. A shekarar 1876 ya fito da wanda aka sani da Coventry Lever, wanda mace ko dattijo zai iya hawa ba tare da tsoron faɗuwa ba, aka kuwa saye shi sosai.

Daga keke mai ƙafa da yawa ne ya kai ga dabararsa ta biyu da ta dawwama. Labarin da aka saba bayarwa shi ne, wata rana ya fita gwaji tare da ɗaya daga cikin 'ya'yansa a kan wani keke na mutum biyu. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowannensu yana taka ƙafar da take gefensa. Ɗan saurayi ne mai jini a jika, uban kuwa ya fara manyanta. Ƙafar gefen ɗan ta fi ta gefen uban gudu, sai keken ya karkace, ya bar hanya, ya zubar da su cikin ciyawa mai ƙaiƙayi. A nan bakin hanya, in ji masu labarin, James ya zauna yana tunani har ya gano mafita.

Ga yadda matsalar take. Idan abin hawa mai ƙafa biyu a jere zai sha kwana, ƙafar da take waje tana da tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Ka tuna da 'yan makaranta masu maci: idan layi zai juya, na bakin waje sai ya faɗaɗa taku, na ciki kuma ya rage. In aka haɗa ƙafafun biyu da sandar ƙarfe ɗaya, dole su yi gudu ɗaya, sai ɗayarsu ta riƙa jan ƙasa. In kuma aka raba su, kowace da mai taka ta, sai a sami abin da ya sami James da ɗansa. Mafitar ita ce a sa wasu ƙananan ƙarafa masu haƙora a tsakiyar sandar, waɗanda suke karɓar ƙarfi daga wuri ɗaya su raba wa ƙafafun biyu daidai, amma su bar kowace ta yi gudun da kwana ta nema. James ya yi rajistar wannan a shekarar 1877. Gaskiya ne wani Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur ya riga ya tsara irin wannan dabara shekara 50 kafin nan, domin motar tururi. Amma a kekunan James ne aka fara ƙera ta da yawa, mutane suka gan ta tana aiki kullum a kan titi. Idan ka dubi ƙarƙashin babbar mota ta baya, za ka ga wani ƙullutun ƙarfe kamar tulu a tsakanin tayoyi. Abin da yake cikinsa ke nan.

Ya sa wannan dabara, tare da sarƙa mai juya ƙafafu, a wani sabon keke mai suna Salvo. A shekarar 1881 labarinsa ya kai fada. An ce Sarauniya Biktoriya tana cikin keken doki a tsibirin Wight, inda take da gida mai suna Osborne, sai ta hangi wata budurwa tana tafe a kan irin wannan keke. Abin ya burge ta, ta sa aka nemo mata bayani, ta yi odar guda biyu. Aka kira James ya kai su da kansa. Yaron da ya bar gonar mahaifinsa a ƙafa ya tsaya gaban Sarauniyar Ingila, ta ba shi kyautar agogo. Ka tuna cewa da gyaran agogon mutane ya fara. Tun daga ranar aka ƙara wa keken suna, ya zama Royal Salvo, wato Salvo na sarauta, masu kuɗi da masu mulki suka shiga saye.

Bai daɗe yana cin moriyar wannan ɗaukaka ba. Ciwon daji ya riga ya kama shi. Ya rasu a Coventry ranar 17 ga Yuni, 1881, yana da kimanin shekara 50. A shekarar 1884 mutanen garin suka gina masa hasumiyar tunawa ta dutse, wadda aka sassaƙa fuskarsa da hoton kekunansa a jikinta, kuma tana nan tsaye har yau. Suna da dalilin yin haka. Garin da ya tarar cikin yunwa ya zama cibiyar ƙera keke ta duniya. Mutanen da suka yi aiki tare da shi, irin su William Hillman da George Singer, sun kafa nasu kamfanonin keke, daga baya kamfanonin suka koma ƙera motoci masu ɗauke da sunayensu.

'Ya'yansa uku, James da John Marshall da William, suka ci gaba da sana'ar a kamfaninsu mai suna Starley Brothers. William ne ya fi gadon basirar uban, ya yi rajistar dabaru masu yawa, ya kuma yi tsawon rai har zuwa 1937. Amma wanda ya kammala aikin James ba daga cikin 'ya'yansa ya fito ba. Ɗan ɗan'uwansa ne.

James yana da ɗan'uwa mai suna John, wanda shi ma aikin lambu yake yi, a Walthamstow kusa da Landan. Wannan John ya haifi ɗa a tsakiyar shekarun 1850, aka sa masa suna John Kemp Starley. A shekarar 1872 yaron ya tafi Coventry wurin baffansa, ya koyi aiki a lokacin da ake ƙera Ariel. A Hausa, ɗan'uwan uba shi ne baffa, ɗan'uwan uwa kuma kawu, saboda haka James baffa ne ga John Kemp. Bayan shekara biyar, a 1877, John Kemp ya haɗa jari da wani mai suna William Sutton, suka buɗe nasu kamfanin. Da farko kekuna masu ƙafa uku suke yi, kamar baffansa.

Tambayar da ta dame shi ita ce wadda baffansa ya rasu bai amsa ba: yaya za a yi keke mai ƙafa biyu ya yi gudu ba tare da an ɗora mutum can sama ba? Amsar tana cikin sarƙa. Idan aka raba feda da ƙafa, aka sa feda a kan babban faranti mai haƙora, aka sa ƙaramin faranti a cibiyar ƙafar baya, sa'an nan aka haɗa su da sarƙa, to taku ɗaya zai juya ƙafar sau biyu ko fiye. Ke nan babu sauran buƙatar ƙatuwar ƙafa. Wasu, irin su Henry Lawson, sun gwada wannan kafin shi, amma kekunansu ba su karɓu ba. A shekarar 1885 John Kemp ya fito da keke mai suna Rover. Ƙafafunsa biyu sun kusa zama daidai, sarƙa tana juya ta baya, hannun keken yana sarrafa ta gaba kai tsaye, mahayin kuma yana zaune a tsakani, inda zai iya sa ƙafa a ƙasa in ya ga haɗari. Masu dogon keke suka yi masa dariya, suka ce na matsorata ne. A cikin shekarar aka shirya tseren mil 100, wani mai suna George Smith ya gama a kan Rover cikin sa'a 7 da 'yan mintoci, abin da ba a taɓa yi ba a kan kowane irin keke. Dariyar ta ragu.

Aibinsa ɗaya shi ne ƙananan ƙafafu masu tayar roba marar iska suna jin kowane dutse a hanya. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi a garin Belfast, John Boyd Dunlop, ya fito da taya mai iska. Da aka haɗa wannan taya da fasalin Rover, cikin 'yan shekaru dogon keke ya ɓace daga tituna. Mata suka fara hawa, ma'aikata suka fara zuwa aiki a kai, masu raba wasiƙu da 'yan sanda suka karɓe shi. Irin wannan keke ne Turawa da 'yan kasuwa suka shigo da shi Nijeriya, kuma shi ne kake gani a hanyar gona da ta kasuwa, ko wane kamfani ne ya ƙera shi.

John Kemp Starley ya rasu farat ɗaya a watan Oktoba na 1901, bai kai shekara 50 ba. Bayan rasuwarsa kamfaninsa ya shiga ƙera babura, a 1904 kuma ya fito da motarsa ta farko. Daga wannan kamfani ne motar Land Rover ta fito a shekarar 1948, wadda ta yi suna a hanyoyin karkarar ƙasarmu. A ƙasar Polan kuwa, sunan keken nan ya shiga harshe ya zauna: har yau kalmar da suke kiran kowane keken hawa da ita daga sunan Rover aka samo ta.